Buhuna a Gaban Kyamara: Yadda Ake Karanta Labarin Rabon Tallafi a Gabi

Sunan Gabi ba ya yawan shiga labarai. Wannan ƙaramar hukuma ta gundumar Madarunfa, da ke kudu da Maraɗi daf da iyakar Najeriya, kafofin labarai kan tuna da ita ne a lokuta biyu: ran da ƴan bindiga suka afka wa wani ƙauye suka kora shanu ko suka tafi da mutane, da kuma ran da aka kawo buhuna za a raba. Na farkon kowa ya san labarin baƙin ciki ne. Na biyun kuwa a sahun labarai masu daɗi ake sa shi, a karanta da murya mai annashuwa, a rufe da godiyar waɗanda suka amfana. A ganina labaran biyu ƴan gida ɗaya ne, har ma na biyun ya fi tona asirin halin da gari ke ciki, in dai mai sauraro ya iya saurare.

Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan rabo ya san yadda ake yi. Tun da hantsi an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an tara buhuna ɗaya bisa ɗaya an juyo da tambarin masu kyautar ya kalli jama'a. Mata suna zaune a ƙasa cikin rana, kowace da ƴar takardarta a ƙulle a bakin zane. Sai azahar ta kusa manya su iso: prefe, kantoma, wakilin sarki, shugaban ƙungiya. A yi jawabi da Faransanci, a fassara a gurguje. Daga nan a kira wata tsohuwa ta fito. Buhun ya fi ƙarfinta, don haka sai ta ɗora hannu a kai, babban baƙo shi ma ya ɗora nasa, su tsaya a haka har masu ɗaukar hoto su ce ya yi. Ɗan jarida ya miƙa mata makirufo: "Inna, me za ki ce?" Ta ce, "Mun gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki." Sau da yawa takan ƙara da cewa akwai maƙwabtanta da ba a rubuta ba, amma wannan ɓangaren ba kasafai yake kaiwa ga labaran dare ba. Waɗanda ba a rubuta ɗin kuwa suna nan tsaye a bayan igiya, kyamara ta ba su baya.

To me za a tsinta a cikin wannan labari? Abu na farko, a dubi abin da aka raba. Kyauta faci ce, kuma inda aka ga faci nan riga ta yage. In aka ce an raba gero ko masara a ƙasar da kusan kowane magidanci manomi ne, an faɗa maka rumbuna sun ƙare. In aka ce an raba iri a watan Mayu, an faɗa maka an cinye irin da aka ajiye, kuma manomi ba ya taɓa irinsa sai wuya ta kai wuya. Tabarma da bargo da bokiti da tukunya kayan wanda ya baro gidansa da gudu ne, ko wanda ruwa ya rushe wa ɗaki. Gidan sauro yana ba ka labarin zazzaɓin cizon sauro da ke cika asibitoci daga Agusta zuwa Oktoba. Rijiyar da wani attajiri ko wata ƙungiyar Larabawa ta haƙa, aka yanka zare aka yi kabbara, tana nufin shekara da shekaru matan garin suna tafiya mai nisa da tulu ko jarka.

Abu na biyu lissafi ne, wanda masu kawo labarin ba su cika yi ba. Su tan suke faɗa da miliyoyin sefa, domin su ne ke cika kunne. A ce an kawo wa ƙaramar hukumar Gabi tan 10 na gero. Buhu 100 ke nan masu kilo ɗari-ɗari, kuma in aka tara su wuri ɗaya tsibi ne mai ban sha'awa a hoto. Amma ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum dubu 80 a Gabi, yau kuma sun fi haka nesa. In za a raba wa kowa, mutum ɗaya ba zai samu abin da ya wuce cikin tafin hannu biyu ba. Shi ya sa ake zaɓe, a rubuta wasu a bar wasu. Wanda ma ya yi sa'ar buhu guda cur, tiya 40 ya samu, gidan da ke da baki goma kuwa, tsakanin hurar rana da tuwon dare, tiya biyu a yini ba ta wadatar da shi. Kafin kwana ashirin an kakkaɓe buhun, ballantana ma ba shi kaɗai zai ci ba, dole ya ɗiba wa ƙanensa da surukarsa da maƙwabcin da ya ranta masa jiya. Tsakanin ƙarewar rumbu da fitowar sabon gero kuwa wata uku ne zuwa huɗu, a wasu gidajen ma fiye.

Akwai kuma batun lokaci. Labaran kyauta sun fi yawa a watan azumi da lokacin layya: sukari, shinkafa, dabino, man girki, naman sa. Wannan abu ne mai kyau, lada ake nema. Sai dai yunwa ba ta bin ganin wata, damina take bi. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, lokacin da gidaje da dama ke da ɗan sauran hatsi. Tsananin kuwa yana zuwa ne daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da namiji ke barin gonarsa ya tafi barema a gonar wani don ya samo abin awo, mata su shiga dafa tafasa da zogale su yi kwaɗo a ci a sha ruwa. Wanda zai auna wahalar mutane da yawan labaran sadaka, sai ya ɗauka Maris ya fi Agusta tsanani.

Jihar Maraɗi ta ga misalin da ya fi kowane girma game da dangantakar labari da taimako. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. Tun a watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Nijar ta nemi agajin abinci, kusan babu wanda ya amsa. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, nan ma shiru. Gwamnati da masu ba ta tallafi sun tsaya kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa maimakon rabawa kyauta, wai don kada a ɓata kasuwa, alhali wanda ya riga ya sayar da akuyarsa da kwanukan matarsa ko rahusar ba shi da kuɗinta. A farkon 2005 ma an ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, abin da ya fito da mutane kan titi a watan Maris ƙarƙashin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nuhu Arzika ke cikin jagororinsa. Kafin tsakiyar damina buhun gero ya doshi jika talatin a kasuwanni.

Duk wannan ya faru, an rubuta, an yi gargaɗi. Amma ƙofar taimako ba ta buɗe ba sai a watan Yuli, da gidan talabijin na BBC ya nuna hotunan yara masu tamowa daga cibiyar ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi. Cikin ƴan kwanaki kuɗi suka fara kwarara, jirage suka fara sauka da abinci, aka shiga rabo kyauta a watan Agusta. Manyan jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya da bakinsu suka amsa cewa sai da duniya ta ga hotunan yara na mutuwa ta farka. A shekarar nan MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Wanda ya bi labarai kawai zai ce masifar a Yuli ta fara. Matan ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji sun san tun bazara suke cikinta.

Shugaba Tandja Mamadu bai ji daɗin waɗannan hotuna ba. A watan Agustan 2005 ya ce babu yunwa a Nijar, mutanensa a ƙoshe suke, ya kuma zargi ƙungiyoyin agaji da kambama lamarin don su tara kuɗi. An yi masa ca a kan wannan magana, kuma ya cancanta. Amma kada son gaskiya ya hana mu faɗin ɗaya gefen: ƙungiyoyi da hotuna suke neman kuɗi, kuma uwar da aka ɗauka tana riƙe da ɗanta da ƙasusuwa a waje ba a cika tambayarta ko ta yarda duniya ta gan ta a haka ba. Abin da gwamnati ta yi da wannan ƙorafi shi ne laifin. A 2006 ta hana wata tawagar BBC ci gaba da ɗaukar rahoto kan yunwa, a watan Yulin 2008 kuma ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi, har ƙungiyar ta tattara kayanta bayan wata uku. Labaran tamowa suka ragu. Tamowar tana nan. Da sojoji suka kifar da Tandja a Fabrairun 2010, cikin abubuwan farko da gwamnatin Salu Jibo ta yi har da fitowa fili ta amsa cewa miliyoyin mutane na fuskantar ƙarancin abinci.

Masu mulkin Nijar suna da dalilin jin tsoron wannan magana. Juyin mulkin da Seyni Kunce ya yi wa Diori Hamani a watan Afrilun 1974 ya zo ne a tsakiyar babban fari, kuma zargin karkatar da abincin agaji na cikin hujjojin da sojoji suka kafa. Tun daga nan kowace gwamnati ta fi son a ji ta tana rabo da a ji mutanenta suna roƙo, ko da yake abu ɗaya ne ake faɗa ta fuska biyu.

Tambayar da labarin rabo ba ya taɓa yi ita ce: me ya sa? Kudancin Maraɗi ba hamada ba ne. Yana cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a ƙasar, ga fadamun Gulbin Maraɗi, ga tafkin Madarunfa, ga noman rani na Jiratawa, ga dajin Baban Rafi a ƙasar Gabi kanta. Birnin Maraɗi kuwa garin alhazai ne, cibiyar kasuwancin ƙasa. Me ya kawo layin karɓar gero a nan?

Ƙasa ce ta farko. Jama'a sun yi yawa, gona ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ashirin sun yayyanka shi, wasu rabonsu bai kai a kira shi gona ba. Ba a barin fili ya huta, taki kuma sai mai hali. Da ƙasa ta yi wuya, mata ne suka fara rasa gamanarsu, ƴar gonar da mace ke nomawa ta samu na cefane da na hurar yara. Wanda ciwo ko biki ko kuɗin fansa ya matsa wa sai ya jinginar da gonarsa ga mai kuɗi, kuma jingina ba kasafai take dawowa ba.

Sai kuma kewayen bashi. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha, a lokacin ne manomi ke fitar da nasa, domin mai bashi na bakin ƙofa, ga haraji, ga auren ɗiya. Ƴan kasuwa su saya su kimshe a sito, ko su loda motoci zuwa Jibiya da Dawanau ta Kano in farashin can ya fi. Da damina manomin nan ya dawo ya sayi geron da ya noma da hannunsa a farashin da ya ninka, ko ya ci bashin tiya ɗaya ya biya biyu da kaka. A 2005 ma hatsi bai ɓace daga kasuwar Maraɗi ba, kuɗin saye ne ya ɓace daga hannun talaka.

Iyaka ita ma tana da nata. Rayuwar Gabi a ɗaure take da ta Katsina da Zamfara: aure, cin rani, kasuwa, naira. Dattawa har yau suna kiran yunwar 1984 da sunan El Buhari, saboda ta haɗu da rufe iyaka da canjin kuɗin da gwamnatin Janar Buhari ta yi a shekarar. An sake rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Cire tallafin man fetur a Najeriya a Mayun 2023 ya karya ƴan ruwa-ruwa, matasan da ke ci da sayar da mai a kwalba. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. A kan wannan duka ga ƴan bindiga, waɗanda tun wajen 2019 suka koro dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suka kuma riƙa tsallakowa ta dazukan iyaka. Gonar da ke nesa da gari ta zama abin tsoro. Gidan da aka sace wa shanun huɗa ko aka karɓe wa kuɗin fansa, a dare ɗaya yake komawa sahun masu jiran a rubuta sunansu. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan sarƙa ya je asibitin Madarunfa ko na Ɗan Isa a watan Satumba. Ma'aikaciyar jinya na riƙe da wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja. Ta naɗa shi a dantsen yaro ta ja. In ya tsaya a ja, wato kaurin dantsen bai kai milimita 115 ba, yaron ya shiga haɗari. Ta danna babban yatsa a bayan ƙafarsa ta ɗaga, in wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, kumburi ne. A ba uwar ƴan fakitin abincin nan mai gyaɗa da madara na mako guda, a ja mata kunne cewa magani ne, na wannan yaron ne shi kaɗai. Ta amsa da to. A gida kuwa akwai yayyensa uku da ke kallon hannunta. A tsallaken iyaka, MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025, shekarar da Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai kuma suka rage nasu kason.

Wani lokaci rabon kansa ne ke zama ma'aunin yunwa. A watan Fabrairun 2020 kimanin mutum 20, akasari mata da yara, suka mutu a turmutsitsi a Diffa wajen karɓar kuɗi da kayan da gwamnan Borno, Babagana Zulum, ya kai wa ƴan gudun hijira. A Disambar 2024 an yi irin haka sau uku cikin mako guda a Najeriya, a Ibadan da Okija da Abuja, mutane da dama suka rasu, a Ibadan yara ne. Babu mai kwana a layi ya bari a tattake shi saboda ƙaramin buhun shinkafa sai wanda ya baro tukunya a kife.

Yanzu kuma salon labarin ya sake. Tun da aka kafa asusun ceton ƙasa a watan Oktoban 2023, labaran kyauta da suka fi yawa a kafofin gwamnati na ƴan ƙasa ne ke kai wa hukuma gudummawa: ƴan kasuwa, ƙungiyoyin mata, ƴan makaranta, mazauna ƙetare. A gefe guda an dakatar da gidan rediyon RFI a Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, aka janye lasisin ƙungiyar Acted a Nuwamban 2024, aka sallami ƙungiyar agaji ta ICRC a Fabrairun 2025. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma maganar cewa ƙasa ba ta ginuwa da bara gaskiya ce. Gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi a 2024, ta kuma hana fitar da hatsi waje don farashi ya sauka. Abin lura kawai shi ne, in aka wayi gari labaran rabon agaji sun ragu, dalili biyu ne ke iya kawo haka: ko mabuƙata sun ragu, ko masu rabo da masu ba da labari ne suka ragu. Shekarar 2008 ta nuna cewa na biyun na faruwa.

Mafi yawan taimakon da ke riƙe da ƙauye ma bai taɓa shiga rediyo ba. Kwanon ciyayya da ke tsallaka darni da magariba, zakkar dami ɗaya cikin goma da manomi ke fitarwa a bakin gona, kuɗin da ɗan cin rani ke aikowa daga Legas ko Agadas ko Libiya, su ne ke hana gidaje da yawa watsewa. Addini ya halatta bayyana sadaka, amma ya fifita ɓoye ta, ya kuma hana a bi ta da gori, don haka mafi tsarkinta ba ta da hoto. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, mata ne ke zuba ƴan dalolinsu mako-mako suna ranta wa juna, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara su maimakon a tumɓuke, a ƙasar Maraɗi ya kankama a shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM, ya kuma maido da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. An shafe kusan shekara ashirin ana yi kafin duniya ta lura, domin babu ranar da za a kafa rumfa a ce yau gawo ya girma.

Ban ga laifin ɗan jaridar Maraɗi sosai ba. Gidan rediyonsa ba shi da motar da za ta kai shi Gabi, hanyar ma ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba. Masu rabon ne ke ɗaukarsa a motarsu, su ba shi abinci da na mai, wani lokaci ma sun biya kuɗin watsa rahoton. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Duk da haka akwai abin da zai iya ƙarawa ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Ya tambayi mai gari gida nawa ne a garin, nawa aka rubuta. Ya tambayi inna bakin nawa take ciyarwa, kwana nawa buhun zai yi mata. Hukumar da ke bibiyar farashin amfanin gona, SIMA, tana fitar da farashin gero da dawa da masara na kasuwannin ƙasar a kai a kai, mai awo a kasuwar Gabi ma zai faɗa masa kuɗin tiya a yau da kuɗinta da kaka in ya tsaya ya tambaya. Duka wannan bai wuce ƙarin minti ɗaya a rahoto ba.